Malam Aminu Kano: Malamin Makaranta Da Ya Tsaya Wa Talaka

A unguwar Gwammaja cikin birnin Kano akwai wani gida da ake kira Gidan Mambayya. A nan Malam Aminu Kano ya zauna, a nan kuma kabarinsa yake. Yau gidan yana hannun Jami'ar Bayero, wadda ta mai da shi cibiyar nazarin dimokuraɗiyya. Mai ziyara zai ga ɗakunan Malam da littattafansa, da babban zauren taro mai sunan abokinsa Sa'adu Zungur. Abin da ya fi ba baƙo mamaki shi ne rashin ƙawar ɗakunan, alhali mai su ya yi shekaru yana riƙe da ma'aikatun gwamnatin tarayya.

An haifi Malam Aminu a unguwar Sudawa a 1920. Mahaifinsa, Malam Yusufu, masanin shari'a ne a kotun alƙali. Ya yi Midil ta Kano, ya wuce Kwalejin Kaduna, ya fito malamin makaranta a 1942. Bauchi aka fara tura shi, inda ya haɗu da Sa'adu Zungur da Abubakar Tafawa Ɓalewa. A 1946 ya tafi Landan ƙaro ilimi. Da ya dawo ya kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa, daga baya ya shugabanci makarantar horon malamai ta Maru.

A zamanin nan talaka ba shi da bakin magana. Turawa suna mulki ta hannun sarakuna da En'e. Manomi yana biyan haraji, makiyayi yana biyan jangali, ana sa mutane aikin tilas, wanda ya yi ƙorafi kuwa sai ya tsinci kansa gaban alƙali. A 1950 Malam ya ajiye aikin gwamnati da albashinsa, ya shiga jam'iyyar NEPU wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta na shekarar. A 1953 ya zama shugabanta. Ya ci gaba da aikinsa na malami, sai dai ajin nasa ya koma kasuwa da dandali. Yana koya wa jama'a cewa talaka ɗan ƙasa ne mai haƙƙi, kuma dole mai mulki ya yi bayanin kuɗin da ya karɓa. Ya nace a sa 'ya'ya mata makaranta, a kuma ba mata ƙuri'a.

Wannan tafarki bai zo da sauƙi ba. An ɗaure 'yan NEPU da yawa, an yi wa wasu bulala, wasu suka yi gudun hijira daga garuruwansu. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta sha shiga kurkuku saboda wannan. Malam kansa ya sha kaye a zaɓe kafin ya shiga Majalisar Wakilai a 1959, ya kuma rasa kujerar a 1964. Bai taɓa kafa gwamnati ba. Musulmi ne mai ilimin addini, yana tafsirin Alƙur'ani, amma ya haɗa hannu da Joseph Tarka na ƙasar Tibi da Dakta Azikiwe, domin a wurinsa zalunci ba ya tambayar addinin wanda ake zalunta. A mulkin Janar Gowon ya riƙe ma'aikatar sadarwa daga 1967, sa'an nan ta lafiya daga 1971.

Mu mutanen Kaugama da ƙasar Hadeja muna da rabo a cikin wahalarsa. A 1979 muna cikin Jihar Kano, domin sai 1991 aka ƙirƙiri Jigawa. A zaɓen shekarar Malam ya nemi shugabancin ƙasa a jam'iyyar PRP bai samu ba, amma jam'iyyar ta ci Kano da Kaduna. Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali. Manomin fadama da Bafulatani mai kiwo a bakin kogin Hadeja suka huta daga nauyin da kakanninsu suka ɗauka. A zaɓen nan ne kuma matan Arewa suka fara zaɓen shugaban ƙasa.

Malam ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983. Filin jirgin saman Kano da asibitin koyarwa suna ɗauke da sunansa, haka ma wani dandali a Dutse.

Ɗalibai, musamman ku 'yan aji shida masu barinmu bana, wasunku za su zama alƙalai, wasu ma'aikatan ƙaramar hukuma, wasu malamai. Ranar da wani dattijo da bai iya karatu ba zai tsaya gaban teburinku da takarda a hannu, ku tuna da wannan malamin makaranta. Ku tashi ku ba shi kujera, ku karanta masa takardarsa, ku ba shi haƙƙinsa ba tare da ya sa hannu a aljihu ba.