Alhaji Abubakar Imam (1911-1981): Alƙalami a Tsakanin Gwamnati da Jama'a

An haifi Alhaji Abubakar Imam a garin Kagara, cikin Jihar Neja ta yanzu, a shekarar 1911. Ya tashi a gidan malamai, ya yi karatun addini kafin ya shiga na boko. A 1927 ya shiga Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, ya kammala a 1932, aka ba shi aikin koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina. Ɗalibai sun fi saninsa da littattafan hira, amma mafi yawan shekarun ƙarfinsa a aikin jarida ya yi su, a lokacin da Turawan mulki suka fahimci cewa bindiga da haraji kaɗai ba za su riƙe musu ƙasa ba, sai sun sami hanyar shiga zukatan talakawa.

Adabi a Matsayin Ƙofar Shiga

A 1933 Hukumar Talifi ta Zariya, ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta shirya gasar ƙaga labarai cikin rubutun boko. Daga wannan gasa aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na wansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi, da Jiki Magayi. Manufar gasar a fili take: a samar wa waɗanda suka koyi boko abin karantawa mai daɗi, don boko ya samu gindin zama kusa da ajami. A 1936 aka aro Imam daga Katsina zuwa Zariya, East ya tara masa littattafan tatsuniyoyin Larabawa da na Turawa da na Indiyawa, shi kuma ya narkar da su ya fito da Magana Jari Ce, littafi uku.

A nan ne ya ƙware a kan abin da zai yi masa amfani daga baya, wato ɗauko saƙon wata al'umma a sa masa riga da rawani har mai karatu ya rantse ɗan gida ne. Ya kamata mai nazari ya lura da duniyar da littafin ya zana. Sarki adali ne, ɓarna daga mugun waziri take fitowa, kuma idan hikimar aku ta yi aikinta komai yakan koma mazauninsa. Babu wanda ya ce Imam ya zauna da niyyar tallata Mulkin Ƙasa ta Hannun Sarakuna, amma hukumar da ke mulki ta hannun sarakuna ba za ta so littafin makaranta da ya fi wannan dacewa da ita ba.

Gaskiya Ta Fi Kwabo da Yaƙin Hitila

A ƙarshen shekarun 1930 jita-jita ta bazu cewa Ingila za ta miƙa Nijeriya ga Jamus don ta lallashi Hitila, wanda ke neman a mayar wa ƙasarsa mulkin mallakar da ta rasa bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, irin su Kamaru da Togo. Kashe irin wannan raɗe-raɗi yana cikin dalilan kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya cikin Janairun 1939, Imam yana editanta na Hausa. Sunan jaridar shi kansa talla ne: kwabo ake sayenta, amma an gaya wa mai saye tun daga bango cewa abin da ke ciki gaskiya ne. Da yaƙi ya ɓarke a Satumbar wannan shekara, sai ta zama babbar kafar da gwamnati ke yi wa Arewa magana, tare da majigin da ake yawo da shi gari-gari. An kuma ƙara da ƙananan takardu irin su Suda, da 'Yar Gaskiya ta ajami don waɗanda ba su iya boko ba.

Abin da ake so shi ne samari su shiga soja, manoma su ƙara noman gyaɗa, jama'a su ba da gudummawar kuɗin yaƙi. 'Yan Arewa kuwa sun tafi, sun yi yaƙi a Habasha da Bama. Sanarwar ofis da aka fassara kalma da kalma ba za ta motsa kowa ba. Imam ya mayar da labarin yaƙi hira, da karin magana da zambo da ba'a, ya kwatanta nisan ƙasashe da ƙarfin runduna da abubuwan da Bahaushe ya sani. Mutum ɗaya kan karanta a zaure ko a bakin kasuwa, goma su saurara, su kai gaba. Ta haka Hitila ya shiga bakin waɗanda ba su taɓa ganin taswirar Turai ba.

A nan akwai darasi game da farfaganda. Ba dole ba ne ta zama ƙarya, domin zaluncin 'yan Nazi gaskiya ne. Aikinta ya fi yawa wajen zaɓen abin da za a haska da abin da za a bari a duhu. A daidai lokacin da ake kiran talaka ya taimaka a ceci duniya daga bauta, daga 1942 zuwa 1944, gwamnatin ta riƙa kwasar dubban mutane zuwa aikin tilas a ramukan kuza na Jos, inda da yawa suka mutu saboda sanyi da cuta da ƙarancin abinci.

Juya Akalar Alƙalami

Imam bai tsaya a matsayin kakakin gwamnati ba. Filin wasiƙu na jaridar ya zama wurin da malaman makaranta da akawuna ke kai kukansu game da cin hanci da danniyar ma'aikatan En'e, abin da a da sai dai a yi gunaguninsa a ɗaka. A 1943 ya tafi Ingila cikin tawagar 'yan jaridun Afirka ta Yamma, tafiyar da ta haifar da littafin Tafiya Mabuɗin Ilmi. Tafiyar ma farfaganda ce, an shirya ta don baƙin su ga juriyar Ingila su dawo su ba da labari. Amma kowa ya yi amfani da ita yadda ya so. Nnamdi Azikiwe ya rubuta takardar neman mulkin kai, Imam ya ƙi sa mata hannu, domin a ganinsa Arewa ba ta shirya ba. Maimakon haka ya gana da Lugga, wanda ya daɗe da yin ritaya, ya zayyana masa yadda tsarin da ya kafa ya ruɓe, da yadda ake wulaƙanta masu ilmin boko.

Bayan yaƙi sai fagen ya koma Kaduna. A taron Jam'iyyar Mutanen Arewa da aka yi a can cikin Yunin 1949, wanda ya zaɓi Dokta R. A. B. Dikko shugaba, Imam ne aka ba ma'aji. A sharhohinsa na wajen 1950 ya riƙa nuna wa masu karatu cewa ofisoshi da tashoshin jirgin ƙasa da asibitoci suna hannun 'yan Kudu, kuma idan Bature ya tafi a wannan hali ɗan Arewa zai sauya ubangida ne kawai. Ƙorafin yana da tushe, amma yawan nanata shi ya taimaka wajen kafa hoton mu da su a zukatan mutane, hoton da ya daɗe fiye da dalilin da ya kawo shi. 'Yan NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, sun ɗauki jaridar bakin gwamnati da sarakuna, suka nemi mafaka a jaridar Comet.

A 1951 jam'iyyar ta zama ta siyasa sosai, aka zaɓi Imam ɗan Majalisar Dokokin Arewa mai zama a zauren Lugga da ke Kaduna, da kuma Majalisar Wakilai ta Legas. A tsakiyar shekarun 1950 ya bar aikin jarida, ya zama ɗaya daga cikin kwamishinonin Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa a Kaduna. Mutumin da ya yi shekaru yana rubuta cewa a ba 'yan Arewa aiki, sai ga shi a kujerar da ake aiwatar da manufar. Gwamnatin Sardauna ta faɗaɗa hanyar da ya share: ta buɗe gidan Rediyo da Talabijin na Kaduna a 1962, ta kafa jaridar New Nigerian ranar 1 ga Janairu, 1966, mako biyu kafin juyin mulkin da ya hallaka Sardaunan. Daga baya Gaskiya Ta Fi Kwabo ta koma ƙarƙashin wannan kamfani na Kaduna.

Jami'ar Ibadan ta ba shi digirin girmamawa na dokta. Ya rasu a Zariya ranar 19 ga Yuni, 1981, kuma a 1989 aka buga tarihin rayuwarsa da ya bari, wanda Abdurrahman Mora ya tace.