Malam Ibrahim na Kano, Uban Isawa

'Yan'uwanmu na Kiyako da Gwaram da Birnin Kudu sun san duwatsun Ningi, gama maƙwabtansu ne. Amma ba kowa ya san labarin Isawa ba, mutanen da suka taɓa fakewa a can, da malaminsu Ibrahim.

Malam Ibrahim masanin Alkur'ani ne a birnin Kano, a zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, wanda ya ci sarauta a 1855. A kwanakin nan babu mishan ko ɗaya a ƙasar Hausa, ba wanda ya yi masa wa'azin bishara. Abin da ke hannunsa shi ne littafin da ya fara koya a kan allo tun yana yaro. A ciki ana kiran Isa ɗan Maryamu Almasihu, ana kiransa Kalma daga Allah, da Ruhu daga gare shi. Kowane almajiri ya san sunayen nan. Malamai kuwa suna da fassararsu: an kira shi Kalma domin da umarnin Allah kaɗai aka yi cikinsa, ba uba.

Bisa ga labarin da mabiyansa suka riƙe, Ibrahim ya yi ta bin wuraren da aka ambaci Isa, yana auna su. Sannu a hankali sunayen da ya saba da su suka yi masa sabon nauyi, har ya tabbata a ransa Isa yana da ɗaukaka wadda ta fi ta sauran annabawa, zai kuma komo. Ya koya wa almajiransa haka, aka sa musu suna Isawa.

Maganar ta kai fada. Lokacin kuwa na tsoro ne, domin waɗansu malaman Kano sun riga sun ƙaura zuwa Ningi, daga can ana kawo wa ƙasar Kano hari. Aka kira Ibrahim aka ce ya faɗi kalmar shahada duka a gaban jama'a. Ya ƙi. Wajen 1867 aka tsire shi a kasuwar Kurmi. Almajiransa suka watse, waɗansu suka nufi Ningi, waɗansu ƙasar Zazzau, suna jiran ranar da Allah zai ƙara musu haske.

Sun daɗe suna jira. A 1913 waɗansu daga zuriyarsu suka sadu da Likita Mila na C.M.S. a Zariya. Da suka ji Bisharar Yohanna tana kiran Yesu Kalma, ba baƙon suna suka ji ba. Waɗansu suka ba da gaskiya, aka kafa ƙauyen masu bi a Gimi. Waɗansu kuwa suka zauna a kan tasu hanya. Ciwon barci ya kashe mutane da yawa a Gimi, sauran suka koma Zariya, daga baya Wusasa. Daga cikin zuriyar nan aka sami Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975.

Ba za mu ce Malam Ibrahim Kirista ne kamar yadda mu ke ba, gama ba a yi masa baftisma ba, bai kuwa san ekklesiya ba. Amma ya tambayi kalmomin bakinsa abin da su ke nufi, ya kuma biya amsar da ransa. Mu fa? Kullum muna cewa alheri, gafara, ceto, amin. Mun haddace su, maƙwabtanmu Musulmi ma suna faɗin su, kowa da abin da ya ke nufi. Idan ma'anar ɗaya daga cikinsu ta fara sāke mana, kada mu firgita, kada kuma mu raina ɗan'uwan da ke tambaya. Mu buɗe Littafi Mai Tsarki tare, mu bincika. Ubangiji ya ba mu zuciya mai nema.