Linus Pauling, Masanin da ya Gano Tushen Cutar Sikila

Ya kai ɗalibi, mai yiwuwa ka san wani yaro da yake yawan kwanciya saboda ciwon ƙashi da ƙarancin jini. Sau da yawa cutar sikila ce, wadda Hausawa ke kira amosanin jini. Linus Pauling ne ya jagoranci binciken da ya fara nuna inda tushenta yake.

An haife shi ranar 28 ga Fabrairu, 1901, a birnin Portland na ƙasar Amurka. Mahaifinsa mai sayar da magani ne, kuma ya rasu lokacin da Pauling yake ɗan shekara tara. Gidansu ya shiga ƙunci, sai ya riƙa yin ƙananan ayyuka domin biyan kuɗin karatu. Ya daure har ya sami digirin digirgir a 1925.

Tun 1910 wani likita, James Herrick, ya wallafa rahoton cewa jajayen ƙwayoyin jinin wani majinyaci sun lanƙwashe kamar lauje, amma ba a san dalili ba. A 1945 Pauling ya ji cewa ƙwayoyin suna lanƙwashewa ne idan iskar oksijin ta ragu. Sai ya yi zaton laifin yana cikin himogulobin, wato sinadarin da ke ɗaukar oksijin a jini.

Shi da Harvey Itano da wasu abokan aiki biyu sun gwada himogulobin da wutar lantarki. Na masu sikila ya yi tafiya dabam da na masu lafiya. Waɗanda suka gaji cutar ta ɓangare ɗaya kuwa, an same su da nau'i biyun. Sun wallafa sakamakon a 1949, suka tabbatar cewa sauyi a sinadari guda yana iya haddasa cuta.

Pauling ya sami lambar yabo ta Nobel sau biyu: ta kimiyyar sinadarai a 1954, da ta zaman lafiya ta 1962. Ya rasu ranar 19 ga Agusta, 1994.

Aikinsa ya shafe ka, domin sikila ta yawaita a Nijeriya. Idan miji da mata duka AS ne, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zama SS. Saboda haka, ka yi gwajin jini ka san nau'inka tun kafin maganar aure ta taso.