Labarin William Wilberforce, Mai Bi Wanda Ya Zauna a Majalisa

Duk sa'ad da zaɓe ya gabato, tambaya biyu su kan taso a cikin ekklesiyoyinmu. Ta fari, ko ya kamata mai bin Yesu ya sa hannu cikin sha'anin mulki? Ta biyu, wane irin mutum ya cancanta mu ba shi ƙuri'armu? A wannan wata za mu ba ku labarin wani bawan Allah na ƙasar Ingila wanda ya yi wajen shekara 45 yana wakili a Majalisa, gama zamansa ya amsa tambayoyin nan duka biyu.

An haifi William Wilberforce ran 24 ga Agusta, 1759, a Hull, wani garin jiragen ruwa a arewa maso gabashin Ingila. Ubansa attajiri ne. Yaron ƙanƙane ne, ba shi da ƙarfin jiki, amma Allah ya ba shi murya mai daɗi da iya magana. Uban ya rasu a 1768, sai aka kai shi riƙo wurin baffansa da matarsa kusa da Landan. Su kuwa masu bi ne na gaske, yaron ya soma ƙaunar Maganar Allah a hannunsu. Da uwarsa ta ji haka sai ta tsorata, kada ɗanta ya zama Metodis, gama manyan mutane na lokacin suna raina Metodis ƙwarai. Ta ɗauko shi ta komo da shi Hull, aka yi ta kai shi wuraren wasa da biki har abin da ya koya ya dushe.

A 1776 ya shiga babbar makaranta ta Kambirij. Ya riga ya ci gadon dukiya mai yawa, saboda haka bai damu da karatu ba, sai karta da hira har tsakar dare. A can ya san William Pitt, wanda ya zama Firayim Minista a 1783 yana da shekara 24 kaɗai.

A 1780, yana da shekara 21, Wilberforce ya tsaya zaɓe a Hull. A zamanin nan ba kowa ke da ƙuri'a ba, sai waɗansu maza ƙalilan, mata kuwa ba su ciki. Ba a kuma jefa ta a ɓoye. Mutum ya kan faɗi sunan wanda ya ke so a gaban jama'a, don haka sayen ƙuri'a ya zama al'ada, babu mai jin kunyarsa. Wilberforce ya bi al'adar, ya kashe fam 8,000 da ɗoriya, kuɗin da lebura ba zai samu ba ko ya yi shekara ɗari yana aiki. Ya ci zaɓen. A 1784 kuma ya zama wakilin Yorkshire, lardin da ya fi kowane girma a Ingila. A shekarun nan na fari ba shi da wani buri sai a yabe shi.

A ƙarshen 1784 ya yi tafiya zuwa kudancin Faransa tare da wani malami mai suna Isaac Milner, suka sake wata tafiya a 1785. A hanya suka karanta wani littafi na Philip Doddridge a kan yadda bangaskiya ta ke tsiro a zuciya, suka kuma karanta Sabon Alkawari da Helenanci. Ruhu Mai Tsarki ya kāshe shi a kan zunubinsa. Ya dubi shekarun da ya ɓatar da dukiyar da ya watsar, baƙin ciki ya kama shi wata da watanni, kafin ya sami salama ga Yesu Kristi.

Da ya tuba sai ya ga kamar dole ne ya bar Majalisa, gama yana tsammani wurin nan bai dace da mai bi ba. A watan Disamba 1785 ya je a ɓoye wurin wani pasto a Landan, John Newton, wanda dā shugaban jirgin bayi ne kafin ya shiga aikin Ubangiji. Newton ya ba shi shawara kada ya fita, ya tsaya inda Allah ya ajiye shi, ya yi masa bauta a can. Ya karɓi shawarar. Mun san Yusufu ya bauta wa Allah a fadar Fir'auna, Daniyel kuma a fadar Babila, ba su ƙazantu ba. Wilberforce ya bar caca, ya kan tashi da asuba domin addu'a da karatun Littafi Mai Tsarki, ya kuma ƙudura zai riƙa jefa ƙuri'arsa a Majalisa bisa ga lamirinsa, ko ta yi wa abokansa daɗi ko ba ta yi ba. Har ya bar Majalisa bai taɓa riƙe muƙamin minista ba.

A lokacin nan jiragen Ingila suna kwasar dubban mutane daga gaɓar Afirka ta Yamma kowace shekara, a ɗaure da sarƙa, a jere kamar kaya, zuwa gonakin rake na Jamaika da sauran tsibiran wajen Amurka. Da yawa su kan mutu a teku. Garuruwa kamar Liverpool da Bristol sun yi arziki da cinikin, masu shi kuwa suna da abokai a Majalisa. A 1787 mutum 12, yawancinsu masu bi da a ke kira Kwekas, suka kafa ƙungiya don a hana shi. Ɗaya daga cikinsu, Thomas Clarkson, ya bi tashoshin jiragen ruwa yana tattara shaida daga bakin matuƙa. Suna bukatar mai yi musu magana a Majalisa, Wilberforce ya ɗauki nawayar.

Ran 12 ga Mayu, 1789, ya tsaya ya yi jawabi na sa'a uku da wani abu a kan muguntar cinikin. A 1791 aka jefa ƙuri'a, aka ka da shi, 163 da 88. Sai talakawa masu bi suka tashi. Yawancinsu ba su da ƙuri'a, amma suna da hannu da baki. A 1792 aka aika wa Majalisa takardun koke 519, dubban gidaje kuma suka daina shan sukarin da bayi suka noma. Yaƙi da Faransa ya ɓarke a 1793, maganar bayi ta koma baya. A 1796 ya fāɗi da ƙuri'a huɗu tak, domin waɗansu da ke goyon bayansa sun tafi gidan wasa jin waƙa a daren. Duk da haka ya yi ta komowa da maganar, shekara bayan shekara.

Abu biyu sun faru a tsakanin nan waɗanda ya kamata kowane mai ƙuri'a ya yi tunani a kansu. A 1805 aka yi ƙarar Lord Melville, babban minista, na hannun daman Pitt, cewa sa'ad da ya ke ma'ajin sojan ruwa ya bar wani ma'aikacinsa yana juya kuɗin gwamnati don amfanin kansa. Pitt ya so a rufa wa mutuminsa asiri. Wilberforce yana ƙaunar Pitt tun suna samari, ya kuma san maganarsa za ta soke shi. Amma ya tashi ya goyi bayan a tsauta wa Melville. Ƙuri'a ta zo daidai, 216 da 216, Shugaban Majalisa ya raba gardama, ya ba da tasa a kan Melville, shi kuwa ya sauka daga aiki. Daga baya majalisar masu sarauta ta yi masa shari'a ta sake shi a 1806. Abin lura shi ne, abota ba ta sa Wilberforce ya kau da kai daga maganar kuɗin jama'a ba.

Na biyu, akwai Charles James Fox, babban abokin gāban Pitt. Kowa ya san shi da caca da holewa tun yana saurayi, har ubansa ya biya masa bashi mai ɗimbin yawa. Wilberforce bai taɓa yarda da irin zaman nan ba, bai kuwa kira shi da wani suna mai daɗi ba. Amma Fox ya ƙi cinikin bayi da zuciya ɗaya, alhali waɗansu masu zuwa sujada kowace Lahadi suna kāre shi. Da Pitt ya rasu a Janairu 1806, Lord Grenville da Fox suka karɓi mulki, Wilberforce ya yi aiki tare da su. Fox ya rasu a Satumba na shekaran nan, amma ya riga ya share hanya. Ran 23 ga Fabrairu, 1807, Majalisa ta yarda a hana cinikin, 283 da 16. Wakilai suka miƙe suna yi masa kirari, shi kuwa yana zaune, kansa a sunkuye, yana hawaye. Sarki ya amince da dokar ran 25 ga Maris.

Bayan wata biyu aka yi zaɓe a Yorkshire. Mutum uku suna neman kujera biyu. Abokan takararsa, Lord Milton da Henry Lascelles, 'ya'yan manyan masu sarauta ne, gidan kowannensu ya kashe wajen fam 100,000. Dole kowane mai ƙuri'a ya zo birnin York da kansa, su kuwa sun riga sun yi hayar kekunan doki na lardin. Mutumin da ya sayi ƙuri'a a 1780 ya ƙi sayenta yanzu. Sai jama'a, masu bi da yawa a cikinsu, suka tara masa gudummawa fiye da fam 60,000, ba a kashe ko rabi ba, aka mayar wa masu shi da saura. Mutanensa suka zo a ƙasa, da kan jakuna, da amalanke, da kwalekwale. Aka yi kwana 15 ana jefa ƙuri'a. Wilberforce ya zo na ɗaya da 11,806, Milton 11,177, Lascelles 10,989.

Ba mu ce shi marar aibi ne ba. Tsoron tawaye irin na Faransa ya sa ya goyi bayan dokar 1799 wadda ta hana ma'aikata haɗa kai don neman ƙarin lada. A 1819, da sojan doki suka kashe mutane a wani taro a Manchester, ya ƙi yarda a yi bincike. Matalautan Ingila sun yi kuka da shi a kan waɗannan, suna kuwa da gaskiya. Ko shugaba mai tsoron Allah yana bukatar masu faɗa masa gaskiya, yadda Natan ya faɗa wa Dauda.

Dokar 1807 ta hana saye da sayarwa, amma waɗanda su ke cikin bauta suna nan. Ciwo ya sa Wilberforce ya bar Majalisa a 1825, Thomas Fowell Buxton ya ci gaba da yaƙin. A zaɓen 1832 masu ƙin bauta suka bi 'yan takara ɗaya ɗaya suna tambayarsu ko za su goyi bayan 'yanta bayi, suka buga sunayen waɗanda suka yi alkawari, masu bi suka ba su ƙuri'a. Mata ba su da ƙuri'a, Wilberforce ma bai so su shiga irin wannan aiki ba, amma a 1833 mata 187,000 suka sa hannu a takarda ɗaya. Shi kuwa ya tsufa, dukiyarsa ta ƙare saboda hasarar da ɗansa ya yi a kiwon shanu, yana zama a gidajen 'ya'yansa ba tare da gunaguni ba. Ran 26 ga Yuli, 1833, aka kawo masa labari cewa dokar 'yanci za ta wuce. Bayan kwana uku ya rasu, aka binne shi a Westminster kusa da Pitt. Dokar ta shafi bayi wajen 800,000. Sai dai iyayengijinsu aka biya diyyar fam miliyan 20, bayin ba su sami ko anini ba.

Mu ma mun ci moriyar aikinsa. Yana cikin waɗanda suka kafa mishan na C.M.S. a 1799 da Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki a 1804. Saboda dokar 1807 sojan ruwan Ingila suka riƙa tare jiragen bayi suna sauke mutanen a Saliyo, akwai Hausawa a cikinsu. A 1822 aka kuɓutar da wani yaro Bayarabe, Ajayi, wanda ya zama Samuel Crowther. A 1841 ya hawo kogin Kwara tare da J. F. Schön, wanda ya buga littafin kalmomin Hausa a 1843. A 1864 aka naɗa Crowther bishop. Ƙuri'un da aka jefa a Landan da York sun taimaka wajen buɗe wa bishara hanya zuwa ƙasarmu.

'Yan'uwa, ga abin da mu ke koya. Kada mu guje wa zaɓe muna cewa abin duniya ne, gama waɗanda suka tafi jin waƙa a 1796 sun bar dubbai cikin sarƙa. Kada mu sayar da ƙuri'armu don sabulu ko gishiri ko turmin zane. Wanda ya saye mu yau, gobe zai fanshe kuɗinsa daga baitulmali. Kada kuma mu ba mutum ƙuri'a don sunansa na Krista ne kawai, ko don ya zo ya zauna a kujerar gaba ran Lahadi ana gab da zaɓe. A Fitowa sura 18 surukin Musa ya nuna masa irin mutanen da za a ɗora wa shari'ar jama'a: su iya aikin, su ji tsoron Allah, su riƙe gaskiya, su ƙi rashawa. Mu tambayi yadda mutum ya riƙe kuɗin da aka ba shi amana, da yadda ya yi da marayu da gwauraye da matalauta. In namu ya ci amana, mu faɗa, yadda Wilberforce ya yi a kan Melville. In wanda ba namu ba ya tsaya ga adalci, mu kama masa a kan adalcin, ba tare da mun kira zunubinsa alheri ba. Mu auna kowane ɗan takara da mudu ɗaya, wanda mu ke so da wanda ba mu so.

Bari kowace ekklesiya ta yi addu'a domin masu mulki, Ubangiji kuma ya tashe mana 'ya'ya masu tsoronsa waɗanda za su zauna a majalisa su fito da hannu mai tsabta.