Ken Saro-Wiwa: Marubucin Ogoni Da Aka Rataye A Fatakwal

Duk direban tankar da ya taɓa zuwa lodin mai a matatar Eleme, kusa da Fatakwal, to, ya taka gefen ƙasar Ogoni, ko ya sani ko bai sani ba. 'Yar ƙaramar ƙasa ce a Jihar Ribas, mutanenta manoma ne da masunta, kuma a farkon shekarun 1990 yawansu bai wuce kamar rabin miliyan ba. Amma sunanta ya zagaya duniya saboda mutum ɗaya, watau Kenule Beeson Saro-Wiwa, wanda gwamnatin mulkin soja ta rataye tare da waɗansu mutum takwas ran 10 ga watan Nuwamba, 1995.

An haife shi a garin Bori ran 10 ga Oktoba, 1941. Ya yi karatu a Kwalejin Gwamnati ta Umuahia, sa'an nan ya wuce Jami'ar Badun inda ya karanta Turanci, ya gama a 1965. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, ƙasar Ogoni ta faɗa cikin yankin da aka kira Biyafara. Shi kuwa bai yarda da ɓallewar ba, don a ganinsa ƙananan ƙabilu ba su da wata riba a ciki. Sai ya sulale ya koma ɓangaren Gwamnatin Tarayya, aka naɗa shi mai kula da mulkin garin Bonny, tashar da ake lodin ɗanyen mai. Ya kamata mu riƙe wannan, gama mutumin da aka zarga daga baya da neman raba ƙasa ya tsaya wa haɗin kan Nijeriya tun yana da shekara 26, a lokacin da yin haka kan iya jawo wa mutum rasa ransa.

Ya zama kwamishina a Jihar Ribas, har ya riƙe ma'aikatar ilmi, amma aka sallame shi a 1973 saboda yawan maganar 'yancin Ogoni. Daga nan ya shiga kasuwanci ya sami abin hannu, kana ya koma ga alƙalami. Waɗanda suka kalli talabijin a ƙarshen shekarun 1980 za su tuna da wasan ban dariya na Basi and Company, labarin ɗan birnin Legas mai mafarkin zama miloniya ba tare da ya yi gumi ba. Shi ne ya rubuta shi. Ya kuma wallafa Sozaboy a 1985, labarin wani saurayi da ya shiga soja bai san dalilin yaƙin ba.

Tun 1958 kamfanin Shell ya sami mai a ƙasar Ogoni. Shekara talatin da 'yan kai ana haƙa ana kwasa, bututu na ratsa gonaki, wutar gas na ci dare da rana, mai na malala cikin rafuka yana kashe kifi, alhali kuwa ƙauyuka da yawa ba lantarki, ba ruwan famfo. A 1990 shugabannin Ogoni suka kafa ƙungiyar MOSOP, suka miƙa wa gwamnatin Janar Babangida takardar bukatunsu: a ba su ikon tafiyar da al'amuransu a cikin Nijeriya, a ba su kaso mai ma'ana daga arzikin ƙasarsu, a kuma kare musu ƙasa da ruwa. Saro-Wiwa ne kakakin ƙungiyar, shi ne kuma ya kai kukan har gaban Majalisar Ɗinkin Duniya. Ran 4 ga Janairu, 1993, mutum wajen 300,000 suka fito zanga-zangar lumana, kuma a cikin shekarar nan Shell ta dakatar da haƙar mai a Ogoni.

Daga nan ne kamu ya soma. An tsare shi fiye da sau ɗaya a 1993, mafi tsawo shi ne na watan Yuni, inda ya yi kwana 31 a hannu, har ya rubuta littafi a kai mai suna A Month and a Day. Amma fa ba daga waje kaɗai wutar ta taso ba. Cikin gidan MOSOP ma an sami ɓaraka a kan ko a ƙaurace wa zaɓen 12 ga Yuni. Saro-Wiwa da matasa suka ce a ƙaurace, waɗansu dattawa suka ƙi, har shugaban ƙungiyar, Dokta Garrick Leton, da mataimakinsa Edward Kobani suka sauka. Gaba ta yi tsanani, matasa na kallon dattawan a matsayin 'yan koren gwamnati.

Ran 21 ga Mayu, 1994, wani gungun mutane ya auka wa taron dattawa a Giokoo, cikin yankin Gokana, aka kashe mutum huɗu kisan gilla: Edward Kobani, da Albert Badey, da Samuel Orage, da Theophilus Orage. Wannan ɗanyen aiki ne, kuma iyalansu suna da hakkin a gano wanda ya yi shi. Saro-Wiwa ba ya wurin, domin tun kafin abin ya faru jami'an tsaro sun tare shi a hanya sun juya da shi. Duk da haka aka kama shi, aka ce shi ya zuga matasan. Kashegari ma, tun ba a yi bincike ba, gwamnan soja na jihar, Laftanar Kanar Dauda Komo, ya ɗora wa MOSOP laifin a gaban 'yan jarida. Rundunar tsaro ta musamman a ƙarƙashin Manjo Paul Okuntimo kuwa ta bazu cikin ƙauyukan Ogoni, mutane da yawa suka tsere daji.

Ya yi wata takwas a tsare kafin a karanta masa laifinsa. Da aka tashi shari'a a farkon 1995, ba a kai shi babbar kotun jiha ba, inda aka saba sauraron ƙarar kisan kai. Sai aka kafa kotun musamman a ƙarƙashin Dokar Soja ta 2 ta 1987. Mutanenmu na Jihar Kaduna sun san dokar nan, don bayan rikicin Kafanchan aka yi ta, kuma da irin kotun nan aka yi wa Janar Zamani Lekwot shari'a a kan rikicin Zangon Kataf. Gwamnati ce ke zaɓen alƙalai. Mutum uku suka zauna: Mai Shari'a Ibrahim Auta a kujerar shugaba, da wani alƙali, da hafsan soja, Laftanar Kanar Hameed Ali. Babban abin kuwa shi ne ba ɗaukaka ƙara. In an yanke hukunci, sai dai Majalisar Ƙoli ta Soja ta tabbatar ko ta sassauta, watau dai gwamnatin da ta kawo ƙara ita ce mai maganar ƙarshe.

Lauyoyinsa, a ƙarƙashin Cif Gani Fawehinmi, sun yi ta kukan ana hana su ganawa da shi yadda ya kamata, daga bisani suka janye, suka ce zamansu ba abin da zai ƙara illa ya sa a ɗauka shari'ar gaskiya ake yi. Daɗin daɗawa, biyu daga cikin shaidun gwamnati sun yi rantsuwa a rubuce cewa an ba su kuɗi da alkawarin aiki don su ba da shaidar zur. Wani babban lauya daga Ingila, Michael Birnbaum, wanda ya zauna ya saurari shari'ar, ya rubuta rahoto cewa ba a bi ƙa'idar adalci ba.

A ƙarshen Oktoba, 1995, kotun ta yanke wa mutum tara hukuncin kisa, ta sallami waɗansu, ciki har da Ledum Mitee, mataimakin shugaban MOSOP. Ran 8 ga Nuwamba majalisar Janar Sani Abacha ta tabbatar. Bayan kwana biyu aka rataye su a gidan kurkukun Fatakwal. Sauran takwas ɗin, waɗanda sau da yawa akan manta da sunayensu, su ne Barinem Kiobel, John Kpuinen, Baribor Bera, Saturday Dobee, Nordu Eawo, Daniel Gbooko, Paul Levera da Felix Nuate. Saro-Wiwa yana da shekara 54. Ni dai a ganina gaggawar nan ta cuci kowa, har da iyalan dattawan huɗu, domin shari'ar da duniya ba ta yarda da ita ba ba za ta share wa mai makoki hawaye ba.

Wani lokaci mukan ji a nan Kudu ana cewa gwamnatin Arewa ce ta kashe shi. Sai mu tuna cewa a cikin shekarar nan ta 1995 wata kotun soja ta asirce ta ɗaure Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa, ɗan Katsina, tare da Janar Obasanjo da Dokta Beko Ransome-Kuti, kuma 'Yar'aduwa a kurkukun Abakaliki ya rasu a watan Disamba, 1997. Masu bin kadin jama'a, daga Kudu suke ko daga Arewa, ƙofa ɗaya aka bi da su.

Ratayar ta zo daidai lokacin da shugabannin ƙasashen Kwamanwel ke taro a Auckland, ƙasar Niyu Zilan. Nan take suka dakatar da Nijeriya, ba ta koma ba sai 1999. Waɗansu 'yan Ogoni kimanin ashirin da ke jiran irin wannan shari'a ba a sake su ba sai 1998, bayan rasuwar Abacha. A shekarar nan kuma Hukumar Kare Hakkin Ɗan Adam ta Afirka ta yanke cewa Nijeriya ta keta hakkin mutanen tara.

A 2009 Shell ta biya dala miliyan 15.5 don a kashe ƙarar da iyalai suka kai ta a Amurka, amma ba ta amsa laifi ba. A 2011 hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta binciki ƙasar Ogoni, ta tarar da rijiyoyin sha a yankin Ogale ɗauke da gubar benzin ninki 900 na abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da shi, ta ce gyaran ƙasar zai ci shekara 25 zuwa 30. Ran 12 ga Yuni, 2025, Shugaba Bola Tinubu ya yi wa mutanen tara afuwa, ya kuma ba su lambobin girma. Waɗansu daga cikin iyalansu da ƙungiyoyin kare hakkin jama'a suka amsa cewa afuwa ta mai laifi ce, su abin da suke nema shi ne a wanke su.