Yosef Svoboda, mai gini da haske

Yara, kun saba ganin wasan kwaikwayo a hilin makaranta. Ana shimfiɗa tabarma, a ɗaura zane, a kawo turmi da kujera, sai wurin ya zama gida. A manyan ɗakunan wasa na duniya, akwai mutumin da aikinsa ke nan. Shi ne mai tsara dandali. Yosef Svoboda yana cikin gwanayen wannan sana'a.

An haihi Svoboda a shekara ta 1920 a garin Caslab, cikin ƙasar Cekosulobakiya. Yau wannan yanki yana cikin ƙasar Cek. Ubansa masassaƙin katako ne. A wurinsa yaron ya koyi riƙon zarto da guduma.

A 1939 sojojin Jamus suka mamaye ƙasar, suka kulle jami'o'i. Svoboda bai zauna banza ba. Ya ci gaba da aikin katako, yana kuma shirya wa ƴan wasan garinsu dandali. Bayan yaƙi ya yi karatun zanen gini a Parag, babban birninsu. A 1948 ya kama aiki a Gidan Wasan Kwaikwayo na Ƙasa.

A da, akan zana daji ko fada a jikin ƙyalle, a rataya bayan ƴan wasa. Svoboda ya ga haske zai yi abin da ƙyalle ba ya iya yi. Ya jera hitilu masu ƙarhi daga sama, ta bayan ƴan wasa. Haskensu ya sauko kamar labule, a shiga cikinsa, a hito. Har yau ana kiran irin wannan hitila da sunansa.

A 1958 an yi babban bajen koli na duniya a Burusal, birnin Beljik. Svoboda da abokin aikinsa Alfred Radok suka nuna wasa mai suna Laterna Magika, wato hitilar al'ajabi. Mutum yana rawa a dandali, ga hotonsa na silima yana rawa tare da shi.

A 1992 a Macerata ta Italiya, ya kafa ƙaton madubi a karkace. Zanen da aka shimfiɗa a ƙasa sai ya bayyana cikin madubin, ya zama bangon ɗaki.

Ya tsara dandalin wasanni sama da 700. Duk dabarar da ya zana, ya san yadda za a sassaƙa ta, don a hannun ubansa ya fara. Ya rasu a Parag a 2002.

Tambayoyi
1. Wace sana'a Svoboda ya fara koyo?
2. Da me ya yi labule?

Aiki
Da dare, ku ɗaura farin zane, ku aje hitila bayansa. Ɗaya ya tsaya tsakanin hitila da zane. Ya matsa gaba, ya ja baya. Yaya inuwarsa take zama?