Malam Aminu Kano da Ƙungiyar Malaman Makarantun Arewa

Gabatarwa

Duk inda aka ambaci Malam Aminu Kano, abin da ke fara zuwa a zukatan jama'a shi ne NEPU da PRP, da gwagwarmayar ƙwato haƙƙin talaka. Wannan kuwa daidai ne, domin a fagen siyasa ya ƙare mafi yawan rayuwarsa. Amma kafin ya shiga wannan fage sai da ya yi kimanin shekara takwas yana aikin malanta, kuma ƙungiya ta farko da ya tsaya ya kafa wadda ta game Arewa duka, ta malaman makaranta ce. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi rayuwarsa ta wannan fuska, ta nuna yadda maganar albashin malami da darajarsa ta kai shi ga maganar mulki, sa'an nan ta duba yadda abin ya shafi Lardin Sakkwato, inda ƙasashen Gwandu da Argungu suke a wancan zamani.

Asalinsa da Karatunsa

An haifi Aminu ranar 9 ga Agusta, 1920, a unguwar Sudawa cikin birnin Kano. Mahaifinsa, Malam Yusufu, malami ne daga zuriyar Gyanawa, waɗanda aka san su da ilmin shari'a, kuma ya yi aikin muhuti a kotun alƙali. Mahaifiyarsa Rakiya ita ma 'yar gidan malamai ce. Saboda haka ya fara da karatun allo tun a gida, kafin a sa shi makarantar Elemantare ta Shahuci a 1930. Daga nan ya wuce Midil ta Kano a 1933, inda aka fara ganin halinsa, domin a can ne ya ja 'yan'uwansa ɗalibai suka yi bore a kan ƙarancin abinci da sabulu.

A 1937 ya sami shiga babbar kwalejin Arewa, wadda aka fi sani da Kwalejin Kaduna, wato wadda ta zama Kwalejin Barewa daga baya. A nan ya shiga rubuta wasannin kwaikwayo da Hausa yana shirya su da ɗalibai, yana amfani da raha wajen tona asirin zalunci da cin hanci. Ya gama a 1942 da takardar shaidar malanta, aka tura shi Midil ta Bauchi.

Malanta a Bauchi

A Bauchi ya tarar da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa yana koyarwa a wannan makaranta, ya kuma ƙulla abota da Malam Sa'adu Zungur, wanda ya zama babban abokin tunaninsa har zuwa rasuwar Sa'adu a 1958. A 1943 aka buɗe wani zauren tattaunawa a garin da yardar Turawan mulki, inda malamai da ma'aikatan En'e kan haɗu su yi muhawara a kan al'amuran ƙasa. Zauren bai yi tsawon rai ba. Da tambayoyi suka fara taɓa fada, har aka kai ga neman sanin ma'aunin da ake bi wajen yanke albashin sarki, sai hukuma ta rufe shi. Su Malam Aminu da Malam Sa'adu suka kafa wata ƙungiyar ci gaban Bauchi a madadinsa, wadda ba ta ƙarƙashin kowa.

Darasin da ya ɗauka a nan shi ne, zauren da hukuma ta buɗe, hukuma na iya rufe shi ran da ta ga dama. In ma'aikaci yana son a ji muryarsa, dole ya sami inuwar da shi ya kafa da hannunsa.

Halin da Malamai Suke Ciki

Ya kamata a ɗan tsaya a duba yadda aikin malanta yake a Arewa a shekarun 1940, domin a gane abin da ya sa ake bukatar ƙungiya. Malamai sun kasu gida uku. Akwai na gwamnati, akwai na En'e, akwai kuma na makarantun mishan, kowane rukuni da nasa ma'aunin albashi da nasa sharuɗɗan aiki da na sallama. Mafi yawan malaman Elemantare a ƙasashen sarakuna ma'aikatan En'e ne, daga Baitulmali ake biyansu, shi kuwa Baitulmali da haraji da jangali yake cika. Ke nan ƙarfin makaranta yana bin ƙarfin Baitulmalin ƙasarta. A Lardin Sakkwato, alal misali, En'e huɗu ne: ta Sakkwato, da ta Gwandu mai hedkwata a Birnin Kabi, da ta Argungu, da ta Yawuri, kowace da nata asusu. Malamin da ke koyarwa a wani ƙauye na ƙasar Argungu ba shi da wata hanya ta haɗa kai da takwaransa na ƙasar Gwandu, balle na Barno ko na Ilori, ko da yake ciwonsu ɗaya ne.

Bugu da ƙari, wanda ke biyan malami shi ne kuma mai ikon ɗaukarsa da canja masa wuri da korarsa. In yana da kuka, sai dai ya kai ga wanda yake kuka da shi. Ga kuma tsadar rayuwa da Yaƙin Duniya na Biyu ya jawo, wadda ta sa ma'aikatan Nijeriya suka yi babban yajin aiki a 1945. A Kudu kuwa tun 1931 malamai suka kafa ƙungiyarsu ta NUT a Ikko, a ƙarƙashin shugabancin Rabaran Ransome-Kuti, a daidai lokacin da karyewar tattalin arzikin duniya ta sa gwamnati ta tsuke bakin aljihu a kan ilmi. Malaman En'e na Arewa ba su da irin wannan garkuwa.

Kafa Ƙungiya

A 1946 Malam Aminu ya sami gurbin ƙaro ilmi a Cibiyar Nazarin Ilmi ta Jami'ar Landan, tare da waɗansu malaman Arewa. Ya tarar da Ingila a hannun Jam'iyyar Leba, wadda ta ci zaɓe a 1945 da goyon bayan ƙungiyoyin ƙwadago, ya ga da idonsa yadda ma'aikata kan zauna da hukuma a yi ciniki a kan albashi, ba tare da an ɗauke su 'yan tawaye ba. A can shi da abokan karatunsa suka ƙulla shawarar kafa ƙungiyar malaman Arewa.

Da suka komo gida sai aka tabbatar da ita a wani taro a Zariya a 1948. Aka zaɓi Shettima Ajiram na Barno ya zama shugaba, Malam Aminu kuma babban sakatare, muƙamin da ya riƙe har 1953. Abubuwan da ƙungiyar ta sa gaba sun haɗa da gyaran albashi da sharuɗɗan aiki, da rage tazarar da ke tsakanin malamin Arewa da na Kudu, da gyaran manhajar karatu. Lokacin kuwa ya dace, domin a wannan shekara ta 1948 aka kafa sabuwar dokar ilmi ta Nijeriya, aka kuma sake tsarin tallafin da gwamnati ke bai wa makarantu. Ana gyaran gida, ga shi masu kwana a cikinsa sun fara samun bakin magana.

Muhimmancin wannan ƙungiya ya wuce maganar kuɗi. A lokacin, ba a saba ganin taron da ya haɗa mutumin Sakkwato da na Barno da na Filato ba, in ba taron da Gwamna ya kira ba. Ita ta haɗa Musulmi da Kirista, da malamin gwamnati da na En'e, a kan sana'a ɗaya. Tun da yake mafi yawan 'yan bokon Arewa na wancan zamani malaman makaranta ne, sai ta zama wurin koyon shirya taro da rubuta ƙudiri da yin zaɓe. Ba abin mamaki ba ne da aka ga yawancin waɗanda suka ja ragamar Arewa daga baya tsofaffin malamai ne: Tafawa Ɓalewa, da Ahmadu Bello Sardauna wanda ya koyar a Midil ta Sakkwato, da Aliyu Makaman Bida, da Shettima Kashim Ibrahim. Ko Jam'iyyar Mutanen Arewa da ta yi babban taronta na farko a Kaduna a 1949, malamai sun yi yawa a cikinta, Malam Aminu kuma yana cikin shugabanninta na farko.

Zaman Maru

Ba da daɗewa ba bayan taron Zariya aka ɗauke shi daga Bauchi aka kai shi makarantar horar da malamai ta Maru, a Lardin Sakkwato. Aikin wannan makaranta shi ne samar da malaman Elemantare ga ƙasashen lardin, saboda haka irin samarin da za su je su koyar a Birnin Kabi da Argungu da Jega da Yelwa su ne ɗalibanta. A nan Malam Aminu ya ga malamin ƙauye tun yana ɗanye, ya kuma ga manomin da harajinsa ke biyan wannan malami. Bai iya kame bakinsa a kan abin da ake yi wa manoma ba, wannan ya jawo masa saɓani da hukumomin En'e har labari ya kai fadar Sarkin Musulmi Abubakar na III. A Maru ne kuma ya fara yunƙurin gyara makarantun allo, tunanin da daga baya ya haifar da makarantar Islamiyya da ya buɗe a Kano.

A nan ne lissafinsa ya cika. Ƙungiyar malamai na iya neman ƙarin albashi, amma muddin Baitulmali na hannun waɗanda ba mai ikon tambayarsu, to, abin da aka ƙara wa malami daga jikin talaka za a tatso shi, kuma ran da aka ga dama a hana. A ganinsa gyaran makaranta ba ya yiwuwa sai an gyara En'e. Ma'aikacin gwamnati kuwa ba shi da damar faɗin haka a fili. Aka kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, shi kuma ya ajiye aiki a watan Nuwamba na wannan shekara, ya bar albashi tabbatacce da fansho, ya koma Kano ya shiga jam'iyyar. A 1953 ya zama shugabanta.

Ba dukan malamai suka bi wannan hanya ba. Malam Shehu Shagari, wanda ya tarar da shi a Kwalejin Kaduna, yana koyarwa a Midil ta Sakkwato lokacin da Malam Aminu yake Maru, a 1951 kuma ya zama hedimastan babbar makarantar firamare ta Argungu. Shi ya zaɓi NPC, wato hanyar gyara daga ciki tare da sarakuna. Waɗannan tsofaffin malamai biyu na lardi ɗaya suna cikin waɗanda suka kara a zaɓen shugaban ƙasa na 1979, Shagari a NPN, Aminu a PRP.

Daga Aji zuwa Siyasa

Tafiyar siyasa ba ta zo masa da sauƙi ba. Magoya bayan NEPU sun sha ɗauri da bulala a kotunan En'e. Shi kansa ya faɗi zaɓen 1954 a hannun Maitama Sule, ya faɗi na 1956 a hannun Ahmadu Ɗantata, sai a 1959 ya ci kujerar Kano ta Gabas a Majalisar Wakilai. A zamanin Janar Gowon ya riƙe muƙamin kwamishinan sadarwa na tarayya daga 1967, sa'an nan na lafiya daga 1971 zuwa 1974. A 1978 ya kafa PRP, wadda ta ci jihohin Kano da Kaduna a 1979, gwamnoninta Abubakar Rimi da Balarabe Musa kuma suka soke haraji da jangali. Duk tsawon wannan lokaci bai bar halin malanta ba. Taron siyasarsa kamar aji yake, yana bayani da misalai, yana kuma yin tafsiri da azumi, bai gushe ba yana kira a kan ilmin mata. Ya rubuta littattafai da Hausa, daga ciki har da Motsi Ya Fi Zama da tarihin abokinsa Sa'adu Zungur. Allah ya yi masa rasuwa ranar 17 ga Afrilu, 1983, a gidansa na Gwammaja, wanda yanzu ya zama cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ta Jami'ar Bayero, wato Gidan Mambayya.

Abin da Ya Biyo Baya

Ƙungiyar da ya kafa ta ci gaba bayan ya bar ta, har ta haɗe da NUT a 1972, malaman Nijeriya suka koma inuwa ɗaya. Amma matsalar da ya hango tun a Maru ta yi ta komowa da sabuwar riga. A 1976 aka ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, aka buɗe makarantu barkatai, a wannan shekara kuma aka rushe tsarin En'e aka kawo ƙananan hukumomi. Da kuɗin man fetur ya ja baya a farkon shekarun 1980, gwamnatin Shagari ta kawo dokar tsuke bakin aljihu a 1982, malaman firamare a jihohi da dama suka yi watanni ba albashi. Watau Malam Aminu ya rasu ya bar malamai cikin irin kukan da ya sa ya tara su a Zariya. A 1988 aka kafa hukumar ilmin firamare ta ƙasa don ta tsare albashinsu, aka rushe ta a 1991, aka mayar da ita a 1993. A 2004 aka yi dokar ilmin bai-ɗaya, aka kuma kawo sabon tsarin fansho wanda ma'aikaci ke zuba wani kaso na albashinsa. Da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2024 cewa a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, NUT ta nuna fargabar a sake barin albashin malaman firamare a hannunsu.

Kammalawa

Birnin Kabi ta zama hedkwatar Jihar Kabi tun 1991, Argungu kuma tana da kwalejin horar da malamai ta kanta, wato Kwalejin Ilmi ta Adamu Augie. Da yawa daga cikin ɗaliban wannan sashe namu aji za su koma bayan sun gama, su gāji aikin da samarin Maru suka fara. Abin da rayuwar Malam Aminu ke koya musu shi ne, haɗin kan malamai wajibi ne, domin sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma neman albashi kaɗai ba ya isa. Dole ƙungiya ta san inda kuɗin ilmi ke fitowa, da hannun da yake bi, da wanda ke da ikon tambayar yadda aka kashe shi, ta kuma ja iyayen yara a jika, tun da su ne masu makarantar. Allah ya jiƙan Malam Aminu, ya kyauta makwancinsa, amin.